Allurorin IVF da wadda ba ta son jinkiri

Jikin mace ƙwai ɗaya yake nunarwa a wata, shi kuwa aikin IVF, wato haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a mayar cikin mahaifa, yana buƙatar da yawa a lokaci guda. Shi ya sa ake fara allurar sinadarin FSH, mai sa ƙwai girma, a rana ta 2 ko ta 3 da zuwan al'ada, irin su Gonal-f da Puregon, ko Menopur mai haɗe da wani sinadarin da ake kira LH. A ƙarƙashin fatar ciki ake yin ta, ɗan nesa da cibiya, kullum a lokaci ɗaya, yawanci kwana 8 zuwa 12. Adadin kan kama daga IU (ma'aunin maganin) 150 zuwa 300 a rana, gwargwadon shekarun mace, nauyinta da sakamakon gwajin jini na AMH, mai nuna yawan ƙwan da ya rage mata. Kada wata ta ƙara wa kanta don ta ji ana bai wa wata fiye. Jiki kowa da irin nasa.

Da ƙwayayen suka fara girma, jiki na iya sakinsu kafin a kwashe. Don hana hakan ake ƙara Cetrotide ko Orgalutran, miligiram 0.25, daga wajen rana ta 5 ko ta 6 da fara allurar FSH.

Allurar ƙarshe ita ce abin lura. Idan hoton ciki ya nuna jakunkunan ƙwai sun kai milimita 17 zuwa 18, sai a ba da allurar sinadarin hCG, galibi Ovitrelle, wadda ke ƙarasa nunar ƙwai. Ana kwasarsu awa 34 zuwa 36 bayanta. In aka ce ƙarfe 9 na daren Litinin, to Laraba da safe ne ake kwasa. Aka yi ta a makare, ƙwan bai gama nuna ba, ya maƙale a jikin jakarsa. Aka yi ta da wuri sosai, sai a tarar ya riga ya fita. Wadda ta kuskure lokaci ta kira asibiti nan take ta faɗi ainihin sa'ar, kada kunya ta sa ta ɓoye, domin ana iya matsar da kwasar.

Bayan kwasa sai sinadarin furojestaron, na matsawa kamar Cyclogest ko na allura, don ya riƙe shimfiɗar mahaifa. Ganin ɗigon jini ba dalilin dainawa ba ne sai likita ya ce. Kada kuma a yi gaggawar gwajin fitsari, hCG, sinadarin da gwajin ciki ke nema, na iya kai kwana 10 a jiki ya nuna ciki alhali babu.

Kumburin ciki kaɗan ba abin tsoro ba ne. Amma ciki ya yi tamtsam, fitsari ya ragu, numfashi na sarƙewa, nauyi ya ƙaru da kilo 1 a yini, wannan alamar OHSS ce, wato kumburin jakunkunan ƙwai fiye da kima saboda allurorin, wadda ta fi kama masu PCOS (cutar da ke sa ƙananan jakunkunan ƙwai su yi yawa, al'ada ta rikice), kuma a tafi asibiti ba tare da jira ba. Magungunan da aka ce a sa a firji a ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda ya daskare ya lalace.