Ni da wayar talabijin a Sabon Gari

Jiya na leƙa kasuwar Sabon Garin Zariya neman wayar haɗa dikoda da talabijin. Tsohuwar nan mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, ta fara ba mu hoto dishi-dishi, sai an murɗa kanta kafin murya ta fito. Yara sun gaji da tashi suna taɓawa.

Mai shago ya ciro min wayoyin zamani da ake kira HDMI guda biyu: ɗaya a leda, ɗaya a kwali mai ƙyalli, bakinta ruwan zinare, kuɗinta ninki huɗu. "Alhaji, wannan ce ke fito da hoto tangaram." Har na sa hannu a aljihu, sai na kira ƙanena mai gyaran kayan lantarki a Samaru. Dariya ya yi. "Yaya, HDMI saƙon dijital take ɗauka, hoto da murya a waya ɗaya. In tana aiki, hoton duk ɗaya ne. In ta samu matsala, za ka ga yana ɗaukewa ko ɗige-ɗige. Zinaren tsatsa kawai yake hanawa."

Ya ce in duba tsayinta da ƙwarin wuyanta, don nan take karyewa. Talabijin ɗinmu 1080p ce, wato ingancin hotonta bai kai matakin 8K ba, don haka ba ruwana da masu rubutun 8K a kwali. Na ɗauki ta ledar, mita ɗaya da rabi, na sa aka gwada a gabana.

Canjin kuwa, a PZ na tsaya na sayi tsire. Da daddare maman yara ta ce ashe haka fuskar mai karanta labarai take!