Mura ta ƙwace min daɗin miya

Satin nan mura ta kama ni sosai wallahi, hunturun bana ba sauƙi. Jiya Mama ta yi miyar kuka harda man shanu, na kai loma amma shiru, gishiri kawai nake ji sai zafin yaji, har na ce ko an manta daddawa ne, ta harare ni.

Ashe harshe abu biyar kawai ya sani, zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, sai ɗanɗanon nan na nama da magi. Sauran duk ƙamshi ne, yana bi ta bayan maƙogwaro ya hau can saman hanci wajen jijiyoyin shinshina, to majina ta toshe hanyar. Yaji kuwa ba ɗanɗano ba ne ma, jijiyar jin zafi yake taɓawa, shi ya sa mura ba ruwanta da shi.