Talata, da tambayar da ɗan bautar ƙasa ya yi min

Sha ɗaya ta wuce kuma na kasa barci, to bari in rubuta ko zan samu ya fita daga raina.

Safiya lafiya lau. Hazo, sanyi kaɗan, shayi da biredi wajen mutumina na bakin titi. Hajiya ta kira a kan maganinta, na ce sai da yamma.

Ina shiga ofis Oga ya tare ni tun a ƙofa wai intanet na ja tun jiya, kwastomomi sun dame shi da waya. Sabarmu ce dai, babbar kwamfutar da duk zirga-zirgar intanet ɗinmu ke bi ta cikinta. Na buɗe top, manhajar da ke nuna abin da ke cin ƙarfin na’ura, sai ga ksoftirqd, ɓangaren Linux mai ƙarasa aikin da netwok ya kawo in ya yi yawa, zaune a sama ya cinye CPU0 (firosesa na farko) tas, sauran kuma suna hutawa abinsu. Na leƙa /proc/interrupts, inda ake ƙirga intarap, wato kiran da na’ura ke yi wa firosesa ya katse aikinsa ya saurare ta, lambobin katin netwok ɗin suna gudu kamar mitar gidan mai, kuma duk a kan CPU0 kaɗai suke zuba. Na rarraba su a kan sauran CPU ɗin da smp_affinity, saitin da ke zaɓar firosesan da zai amsa, sannan na ɗauko ethtool -C, umarnin saita katin, na sa rx-usecs a 50, wato katin ya riƙa haƙuri na maikirosakan 50 yana tara fakiti, wato ƙullin data, kafin ya taɓa firosesa. In ka lissafa, kowane layin karɓa na katin ba zai wuce intarap dubu 20 a sakan ba kenan. Kafin azahar komai ya sauka, Oga har da murmushi da cewa a kawo min lemo mai sanyi.

To a nan ne yaron nan ɗan bautar ƙasa, yana tsaye bayana tun ɗazu da ɗan littafinsa, ya ce, “Yallaɓai don Allah, ba an ce direbobin Linux, manhajojin da ke tuƙa katin, suna da dabarar nan NAPI ba? Na karanta cewa da zarar fakiti sun fara yawa yana kashe intarap ɗin da kansa. To me ya sa kuma sai mun sa wannan?”

Ni kuma, gaban Oga, na ce masa ya bari sai ya girma a aikin tukun, ba komai ake ganewa daga karatu ba. Oga ya yi dariya. Yaron ya ce to yallaɓai, ya rufe littafin ya koma kujerarsa, har aka tashi bai ƙara cewa uffan ba.

Wallahi tambayarsa daidai take, kuma ita ce tambayar da ta kamata duk mai hankali ya yi. Gaskiyar magana a lokacin amsar ba ta zo min a baki ba, na san abin yana aiki amma ban shirya yadda zan faɗe shi ba, shi ne na rufe da gatse. A cikin adaidaita ina dawowa ne ta zo min tsaf, da na tuna maƙwabciyarmu ta da mai sayar da ƙuli-ƙuli a cikin gida.

Ita in mai saye ya zo sai ya yi sallama a zaure, ta ajiye abin da take yi, ta ja mayafi, ta fito, ta sallame shi, ta koma. Intarap kenan, firosesa ya bar aikinsa ya adana inda ya tsaya ya je ya dawo, kuma wannan zuwa da dawowar ba kyauta ba ne. In masu saye suka yi yawa ranar kasuwa sai ta ƙare a hanya tsakanin ɗaki da zaure, tukunya na ƙonewa. Wannan matsalar tun 1996 masu bincike Mogul da Ramakrishnan suka yi bayaninta, na’ura ta shagala da amsa sallama har ta kasa isar da fakiti ko ɗaya. Kuma ba wasa ba ne, waya mai gigabit 1 tana iya kawo ƙananan fakiti kusan miliyan 1.48 a sakan guda. Shi NAPI, wanda su Jamal Hadi Salim da Robert Olsson da Alexey Kuznetsov suka fito da shi wajen 2001, dabararsa ita ce in an yi sallamar farko ta fito ta zauna a zauren gaba ɗaya, ta ce kowa ya daina sallama, tana sallamarsu bi da bi, har 64 a zagaye ɗaya, in akwai saura ta sake zagayowa, sai ta ga ba kowa sannan ta koma ciki a ci gaba da sallama.

Har nan yaron ya gane, shi ya sa ya tambaya. Abin da ban gaya masa ba shi ne tsaka-tsakin. In masu saye ba su cika zauren ba amma kuma ba su yanke ba, ɗaya na fita ɗaya na tafe a lungu, to ita da hanzarinta sai ta sallami guda ta duba ba kowa ta koma ciki, ko mayafin ba ta cire ba an sake sallama. Firosesa mai sauri haka yake, yana share layin kafin na gaba ya iso, NAPI ya ga ba komai ya kunna intarap, sai a koma kusan kowane fakiti ɗaya ko biyu da nasa bugun ƙofar. Yanayin da sabarmu take ciki kenan. Shi rx-usecs a katin kansa yake, kamar a ce wa yaron ƙofa kar ka kira ta sai mutane sun ɗan taru ko an ɗan jima. Illarsa kuma ita ce na farkon zuwa zai ɗan tsaya jira, shi ya sa ban kai shi 200 ko sama ba, akwai masu kiran waya ta kan layin nan.

Minti biyar ya ishe ni in faɗa masa wannan. Yaro ne da yake zuwa kafin kowa, alawus ɗinsa bai taka kara ya karya ba amma da shi yake sayen data yana karanta takardun kanel, wato zuciyar Linux, da dare, na sha ganinsa. Irin yadda ya rufe littafin nan a hankali shi ke ta dawo min. Ni ma an taɓa yi min haka a wajen aikina na farko, kuma na fi wata shida ban sake tambayar mutumin komai ba.

Maganin Hajiya na samu, ya ƙara kuɗi. Tuwo miyar kuka. Wuta ta ɗauke tun tara, da fitilar waya nake rubutun nan.

Na tura masa saƙo ɗazu na ce gobe ya zo da littafinsa, za mu mayar da rx-usecs ɗin 0 na minti biyu da sassafe kafin mutane su hau, ya ƙirga lambobin da idonsa, sannan shi zai sake saitawa da hannunsa. Alama biyu shuɗaye sun nuna ya gani. Bai amsa ba tukun.