Karatun gindin harsashi da hatimin jakar soja

Sana'armu ita ce saye da sayar da tsofaffin harsasan soja waɗanda aka riga aka cire wa albarushi, da jakunkunan da sojoji ke ɗaurawa a ƙugu ko a ƙirji su zuba su. Mai rai, wato wanda albarushinsa ke ciki, ba ma karɓarsa, ba ma kuma koya wa kowa kwance shi. Wanda aka tono daga ƙasa a bar shi inda yake, a kira hukuma. Dokar kowace ƙasa daban ce, har a kan kwanso marar komai, don haka a san ta kafin a sayi ko guda.

Kowane kaya da labarinsa yake zuwa, wai na kakan wane ne, wai daga filin daga kaza aka tsinto shi. Mukan saurara, sannan mu ɗauko ma'auni.

Tsawon kwanso ake fara aunawa, sai a dubi gindi. Harsashin .303 na Ingila milimita 56 ne, da leɓe da ya fito kewaye da gindin. Na Mauser na Jamus 57 ne, ba shi da leɓe, tsagi ne ya zagaye shi. Na .30-06 na Amurka shi ma mai tsagi ne, amma ya kai 63. Inda sabon shiga ke ruɗewa shi ne tsakanin .303 da na Rasha na 1891, tunda duka biyu masu leɓe ne. Na Rasha ya fi kauri, ya fi gajarta da milimita biyu zuwa uku, kuma gefen gindinsa a zabge yake.

Rubutun gindi shi ne zuciyar aikin. R da L da kibiya a tsakaninsu na masana'antar gwamnatin Ingila ce ta Woolwich, K na kamfanin Kynoch ne na Birmingham, FA kuma Frankford Arsenal ne a Amurka. Jamusawa a Yaƙin Duniya na Biyu sun raba gindin gida huɗu: alamar masana'anta, irin ƙarfen, lambar rukuni, da shekara. St na nufin baƙin ƙarfe ne, kuma maganaɗisu zai tabbatar ko da an shafe shi da jan ƙarfe. Dole kan harsashi ya dace da rubutun gindi. In an rubuta VII a kan .303, samfurin 1910 ke nan, mai tsinin kai. In ka ga VII da kai mai dunƙule irin na VI, wani ne ya ɗora kan da ya samu a kan kwanson da ya tsinta, kuma darajarsa ta faɗi. A tuna kuma shekarar da ke gindi ta ƙera kwanso ce, ba ta nuna inda aka harba shi.

Ni a ganina babu mai daɗin riƙewa kamar na bindigar Martini-Henry ta 1871. Kwansonsa na farko siririn fallen tagulla ne aka naɗe, da faifan ƙarfe a gindi, kan dalma kuma nannaɗe da takarda. Yatsa ma na iya lotsa shi, shi ya sa wanda takardarsa ke nan lafiya yake wuyar samu.

Jaka kuwa da ƙirgen aljihu ake fara gane ta. Samfurin Ingila na 1908, na saƙaƙƙen zaren auduga, yana da aljihu biyar a kowane gefe, kowane aljihu na cin mariƙi uku, wato ƙarfen da ke riƙe harsasai a jere, masu harsashi biyar-biyar, jimla 150 a jikin soja. Jakar fata ta Jamus ta 1909 aljihu uku ce mai cin 60. Wadda suka fi amfani da ita a yaƙi na biyu ita ma uku ce, amma siririya, 30 take ci. Ɗamarar Amurka ta 1923 aljihu goma ce. Bayan ƙirge sai a buɗe murfi ko a juya baya a nemi sunan maƙera da shekara, a kayan Ingila kuma har da kibiyar gwamnati.

A nan jabu ya fi yawa. Ana buga sabon hatimi a kan jakar da aka yi bayan yaƙi, musamman mikiyar Jamus. Hatimin asali ya tsufa tare da fatar, datti ya zauna a cikin raminsa, gefensa ya lafa. Sabo kaifi gare shi, wani lokaci ma ya hau kan tsohuwar tsaga, alhali tsagar ce ya kamata ta ratsa shi. Sai zaren ɗinki: na da lilin ne ko auduga, in an ƙona ɗan silinsa toka yake zama, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. A sunsuna ma, fatar da aka jiƙa da shayi ko aka goga wa ƙasa don ta tsufa ba ta rasa warin sabon jima.

Ɓarnar da ta fi ba ni takaici ta masu kyakkyawar niyya ce. Mutum ya goge kwanso har ya yi ƙyalli, ya tafi da launin shekara ɗari, wani sa'in har da fentin da ke kewaye da hular gindi (inda bindiga ke bugawa wuta ta tashi), wanda ke nuna nau'in harsashin. Burushi mai laushi da busasshen ƙyalle sun isa. Kada a ajiye harsashi a cikin jakar fata, domin maiƙon fatar na cin tagulla ya haifar da koren datti mai danƙo, irin wanda ake gani a gindin maɓallai. Shi ana cire shi da tsinken katako, a hankali. Farin garin da ke fitowa a kan dalma guba ne, a sa safar hannu, kuma akwatin katakon oak na ƙara shi saboda tururin tsami da yake fitarwa. Fatar da ta fara zubar da jan gari ta riga ta ruɓe, mai ba ya dawo da ita, sai dai ya baƙanta ta. Irin wannan jaka a cusa mata takarda marar tsami a aljihu don kada ta lanƙwashe, a bar murfinta ba a ɓalle ba, a ajiye ta nesa da rana a ɗakin da damshinsa bai wuce kusan kashi 50 cikin ɗari ba.