Na lissafa mai, na lissafa iska, na manta da rana

Har yau idan na ga ranar la'asar ta koma farar tasa a cikin hazon Disamba, sai in ji tafin hannuna ya jiƙe. Mako uku na yi ina shirin tafiyata ta farko mai nisa ni kaɗai a jirgi, kuma abin da ya kusa kai ni ƙasa bai taɓa shiga takardun da na cike ba ko sau ɗaya.

Ga wanda bai sani ba, kafin a ba ɗalibi lasisin farko na tuƙin jirgin sama, sai ya yi tafiya shi kaɗai wadda ba ta gaza mil 150 na teku ba, wato kimanin kilomita 270, ya sauka ya tsaya cak a filaye biyu waɗanda ba nasa ba. Ni hanyar da aka amince mini ita ce Zariya zuwa Katsina, Katsina zuwa Kano, sannan Kano zuwa gida. A taswira ta haura mil 260. Jirgin kuwa Tampico ne, ɗan Faransa mai inji ɗaya da kujera huɗu, wanda duk ɗalibin da ya ratsa makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya a wancan lokacin ya san ƙarar farfelarsa.

Shiri kam na yi shi har ya wuce kima. Na ja layi uku a taswira da fensir, na yanka kowanne gunduwa-gunduwa, na sa alamar gari ko hanya ko ruwa a kowace gaɓa da mintin da ya kamata in kai wurin. Na auna nauyina da na jakata. Man jirgin, wato abgas ɗin nan mai launin shuɗi, na lissafa shi har sau uku, domin ba a kowane filin jirgi na ƙasar nan ake samunsa ba, manyan jirage kananzirinsu daban ne. Na cika tankuna biyu maƙil, na tabbatar zan je in dawo da rarar fiye da awa guda ba tare da na nemi ɗigo a hanya ba. Agogon hannuna ma na mayar da shi lokacin Zulu, wato lokacin bai-ɗaya da matuƙan jirgi ke aiki da shi, awa ɗaya baya da namu, don kada in rikita rahoton yanayi. Abokan ɗakina har tsokanata suke yi wai ko Makka zan je.

Hazo ma na yi masa shiri, ko in ce na ɗauka na yi. Duk wanda ya koyi tuƙi a Arewa ya san ƙurar hunturu daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, kuma idan masu hasashen yanayi suka ce ta turnuƙe a Faya-Largeau, to a saurare ta a Kano cikin kwana ɗaya ko biyu. Sau biyu aka ɗage mini tafiyar saboda haka. Ranar da aka sake ni, rahoton safe ya ce ana hangen kilomita 8 a Kano, alhali ƙa'idar mai tuƙi da ido kilomita 5 ce. Na ce alhamdu lillahi.

Da malamina ya gama duba takarduna ya sa hannu, sai ya ɗago ya ce, "Kada ƙarfe biyu ta same ka a ƙasa a Kano."

Na ce, "To, Kyaftin."

Ban tambaye shi dalili ba. Wannan "to" ɗin ita ce ta cuce ni. A raina na riga na fassara maganar da kaina: tsoron duhu yake yi mini. Ni kuwa na san rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe shida, kuma Kano zuwa Zariya mil 74 ne, tafiyar minti arba'in da biyar. Sai na ɗauki ƙarfe biyun nan a matsayin irin tsantsenin malamai, wanda ake ji a girmama amma akwai sarari a bayansa.

Zangon farko da na biyu ba abin ba da labari. Malumfashi ta fito a mintin da na rubuta mata, na sauka Katsina lafiya, aka buga mini hatimi, na tashi na bi titin Kankiya da Bichi har na hango Dala da Goron Dutse. Kafin sha biyu ina ƙasa a filin Malam Aminu Kano, ƙirjina kamar zai fashe don alfahari. A garin nan ne jirgin sama ya fara sauka a Najeriya a 1925, ga ni yau na kawo nawa da hannuna.

To a nan ne fa. Na yi kuskuren gaya wa Baffana ranar da zan zo. Ina fitowa daga ofishin da ake miƙa takardar shirin tafiya sai ga shi a waje, da babbar riga, da matarsa, da yara biyar, da kuloli. Waina da miyar taushe, har da zoɓo mai sanyi. Mutumin nan shi ya sayar da fili ya cika mini kuɗin makaranta. Yaya zan dube shi in ce sauri nake yi?

Muka ci, muka yi azahar, aka yi hotuna. Da na duba agogo na ce, "Baffa, lokaci fa yana tafiya."

Ya ce, "Haba ɗana, kai da ke da jirgi? Mu da za mu bi go-sulo ma ba mu yi gaggawa ba. Bari rana ta yi sanyi mana."

Bari rana ta yi sanyi. A ƙasa wannan magana ce ta hankali, kowane matafiyi ya san ta. Ni ma sai na yi dariya na zauna. Aka kira wani abokinsa da ke Fagge wai lallai sai ya zo ya ga ɗansu matuƙin jirgi. Kafin ya iso, a gaisa, a yi addu'a, an kira la'asar. Na sake miƙa sabuwar takardar tafiya, na jira wani babban jirgi ya sauka, ban bar ƙasa ba sai ƙarfe huɗu da minti ashirin. Ban kira Kyaftin ba, domin na san abin da zai ce, kuma ba na son ji. Rahoton yanayi na lokacin ya ce kilomita 6. Har yanzu a cikin ƙa'ida nake, in ji ni.

Ina juya hancin jirgi kudu maso yamma, digiri 222, duniya ta ɓace.

Abin da ban sani ba, kuma babu wanda zan ɗora wa laifi tunda ban tambaya ba, shi ne kilomita 6 ɗin nan mutum ne a ƙasa ya auna ta yana duban gefe da gefe. Ni kuwa ina sama ƙafa 4,500, ina leƙen ƙasa a karkace ta cikin ƙura mai kauri, kuma ranar Disamba da la'asar tana daidai kudu maso yamma, ta sauko ƙasa-ƙasa, kusan a kan hancin jirgina, ɗan dama kaɗan. Kowace ƙwayar ƙura da ke tsakanina da ita ta zama fitila. Gilashin gaba ya koma fari fat kamar an shafa masa alli, ga ƙurar da ta kwanta a kansa tun safe wadda ban goge ba saboda ina ta hotuna. Babu layin da ya raba sama da ƙasa. Idan na waiwaya baya ta kan fiffike, ina ganin Kano tar. Gaba kuwa babu komai. Da a ce ƙarfe ɗaya da rabi na tashi kamar yadda na tsara, da rana tana can sama, da hazon nan bai wuce ɗan dishi-dishi ba.

Abin da ya kamata in yi a minti biyar na farko shi ne in juya in koma Kano in kwana gidan Baffa. Filin yana bayana, ina ganinsa. Kunya ta hana ni. Na tuna yaran nan suna ɗaga mini hannu, na ce yaya za a yi su ga na dawo.

Na ci gaba. Alamata ta farko ita ce inda titin Zariya ya ratsa Kura. Mintinta ya zo ya wuce ban ga komai ba. Na ce wataƙila iskar baya ta tura ni na wuce ta da wuri. Ta biyu ma shiru. A nan na fara abin da aka hana mu tun ranar farko, wato tilasta wa ƙasa ta yi kama da taswira. Duk ƙauyen da ya gifta a ƙarƙashin fiffike sai in laƙaba masa suna. Idona yana waje yana neman hanya, ashe jirgin ya fara karkata dama yana sauka a hankali ban ji ba. Da na dubi agogunan gabana na ga na zubar da ƙafa 400. Nan gumi ya karyo mini duk da sanyin hunturu.

Abin da ya farkar da ni ruwa ne. Wani ƙyalli ya bayyana a ƙasa, babba, kusan a ƙarƙashina ta dama. Zuciyata ta ce Tiga. Amma madatsar Tiga tana hagu da hanyata, can nesa, bai kamata ma in gan ta ba. Ruwan da ke dama shi ne na Challawa, wajen Ƙaraye, kuma a lissafina ya kamata in wuce shi da tazarar mil goma. Ashe iskar ta fi karkata gabas fiye da yadda aka yi hasashe da safe, ta yi ta tura ni yamma, ni kuma da lissafin safe nake tafiya da la'asar. Ko sabunta shi ban yi ba.

Sai a lokacin na yi abin da aka koya mini. Na daina kallon farin gilashin nan, na daidaita fukafukai da agogo, na koma tsayina. Na murɗa na'urar VOR, mai nuna wa jirgi ta wane ɓangaren tashar rediyo yake, na kamo ta Kano na ga layin da nake a kai, ya tabbatar mini da abin da ruwan ya faɗa. Sannan na danna rediyo, da murya wadda ban gane tawa ba ce, na gaya wa hasumiya cewa ni ɗalibi ne ni kaɗai, na kauce hanya, kuma ba na gani gaba. Jami'in bai yi mini faɗa ba, bai ma canza murya ba. Ya tambaye ni man da ya rage da mutum nawa ne a jirgi, ya sa na faɗi inda nake zato nake, muka daidaita a kan in karkata hagu har in tare titin mota. Da hancin ya bar saitin rana sai ƙasa ta fara dawowa kaɗan-kaɗan. Na samu titin Kano zuwa Zariya na ajiye shi a gefen hagu inda nake zaune, na bi shi kamar makaho da sanda. Ban taɓa son wani dutse kamar yadda na so Kufena na Zariya ba a yammacin nan da ya fito daga cikin ƙura.

Na sauka ƙarfe biyar da rabi saura kaɗan. Saukar ma ba ta yi kyau ba, sai da na yi tsalle sau ɗaya.

Kyaftin yana tsaye a bakin rumfar jirage, hannu a baya. Na zo na rusuna na ce, "Kyaftin, na yi kuskure."

Ya ce, "Ƙarfe nawa na ce maka?"

"Biyu, ranka ya daɗe."

"Ka san dalili?"

"Yanzu na sani."

Bai ƙara kalma ba. Bai sa hannu a littafina ba. Tafiyar da na yi mako uku ina shiryawa, da hatimin Katsina da na Kano, duk ba a lissafa mini ba. Na yi mako biyu ban taɓa jirgi ni kaɗai ba, na sake yin awoyi da shi a gefena da labule a idona ina tuƙi da agogo zalla, kuma waɗanda muka fara tare suka wuce ni. Wannan ɗin har yanzu yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Ɗalibai kan tambaye ni yadda ake shirin wannan tafiya, suna jiran in yi musu maganar mai da nauyi. Waɗannan malaminku ba zai bar ku ku tashi ba sai sun yi daidai. Ni abin da nake cewa shi ne, a gefen kowane zango a rubuta inda rana za ta kasance a lokacin, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma idan da hali a juya hanyar yadda zangon yamma zai faɗo da safe. A rubuta lokacin da in ya wuce ba za a tashi ba, da biro ba da fensir ba, kuma a san dalilinsa, domin lokacin da ba ka san dalilinsa ba kai da kanka za ka ɗage shi da zarar an ajiye maka waina. In an makara awa biyu, lissafin iska na safe ya mutu, a karɓi sabo. A goge gilashi a kowane zango. A sa kuɗin kwana da caja a jaka, don komawa baya ta zama abu mai sauƙi. Kuma kalmar "ɗalibi ne ni" a rediyo ba ta rage wa kowa komai, ni da na faɗe ta tun a Kura da ban kai Ƙaraye ba.

A watan Janairu na maimaita tafiyar. Wannan karon na fara da Kano da sassafe, na bi ta Katsina, na dawo gida ina fuskantar kudu da rana a sama. Ban gaya wa kowa a gida ba sai da na kashe inji a Zariya. Da na kira Baffa na ce masa na ratsa ta Kano ɗazu, sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Ka zo garin nan ka wuce ko ruwa ba ka sha ba?" Sai da na je har gida a mota ranar Juma'a kafin ya huce.