Iskar da muke shaƙa tare da yaran da muke sa wa barci

Na daɗe ina aikin sa barci a ɗakin tiyata a nan Sakkwato kafin na lura cewa ciwon kai da kasalar da ke kama ni da la'asar sun fi tsanani a ranakun da muke yi wa yara aiki. Da fari zafin gari na ɗora wa laifi, har sai da na tsaya na dubi yadda muke aikin.

Babban mutum allura ake yi masa ya yi barci, amma ƙaramin yaro sau da yawa sai an ɗora masa marufin fuska ya shaƙi iskar maganin sa barci, wato halotan ko sebofuluren. Yaron da ya tsorata kuwa kuka yake yi yana fizge kai, marufin ya ƙi zama, iskar ta riƙa tsiyaya ta gefe zuwa fuskar wanda ya sunkuya a kansa. Ko bayan ya yi barci, bututun numfashin da muke zura masa, idan ba shi da ɗan balan-balan mai toshe gefensa, yana yoyo a maƙogwaro, jakar robar da muke matsawa don hura masa iska kuma wutsiyarta a buɗe take cikin ɗakin.

Tun 1977 hukumar NIOSH ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta ba da shawarar kada irin su halotan su wuce kashi 2 cikin miliyan na iskar ɗaki, naitiros oksaid kuma, wata iskar sa barcin, kashi 25. Wannan iskar ta biyu tana lalata aikin sinadarin bitamin B12, abin da ke sa ni damuwa ƙwarai da abokan aikinmu masu juna biyu. Duk lokacin da hanci ya ji ƙamshin halotan, to an riga an wuce iyakar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke dogaro da ita a zafin Afrilu: iskar cikin ɗakin take juyawa, ba ta fitar da komai waje.

Yanzu ba na buɗe maganin sai marufi ya zauna sosai, kuma ina rufe shi kafin na ɗaga. Nakan ɗauki lokaci ina lallashin yaro, ina ce masa, "Ɗana, hura wannan balan-balan mu gani," domin yaron da ya natsu ba ya fizge kai. Mun kuma haɗa wa wutsiyar jakar dogon bututu mai faɗi zuwa bayan ɗakin, kuma kowace safiya sai na duba cewa bai lanƙwashe ba, domin toshewarsa haɗari ce ga huhun yaron.