Kuroton ɗina ya yi toho, bayan na kusa kashe shi da ruwa

'Yan uwa, yau da safe na je ɗage labule sai na hangi wasu 'yan ƙuraje guda uku a jikin karan kuroton ɗin nan, shukar ado mai ganye launi-launi, da na ishe ku da kukansa. Na ɗauka ƙwari ne, har na miƙa farce zan kankare. Da na sunkuya da kyau sai na ga ashe toho ne, kore shar, kowanne bai kai kan ashana ba. Mako bakwai ke nan rabon da shukar nan ta nuna alamar rai. Wallahi sai da na zauna a ƙasa ina kallonsu kamar wadda aka yi wa albishir.

Da ganye 43 na shigo da shi gida, na ƙirga. Yau saura 8, duk a can ƙololuwa, kamar tsintsiyar da ta ƙare.

Zubar makon farko ba ta ɗaga min hankali ba. Duk mai kuroton ya san halinsa, ba ya son a canja masa wuri. Asalinsa ɗan ƙasashen Indonesiya da Malesiya da tsibiran Pasifik ne, inda iska ke da ɗumi da laima, kuma masu renonsa a rumfa mai wadatar haske da danshi suke tayar da shi. Ka ɗauko shi ka ajiye a kusurwar ɗaki, dole ya rage kaya. Ganye biyar, shida, na ce ai gaisuwar baƙunta ce.

Amma har mako na uku abin bai tsaya ba. Ganyen suka fara sunkuyawa, sun yi laushi tamkar tsumma, irin dai yadda shuka ke yi in ƙishi ya kama ta. To me zan yi? Na ƙara ruwa. Washegari ba su miƙe ba, na ce bai isa ba, na ƙara. Na dawo da shi kusa da taga, na ga kamar rana ta yi yawa, na mayar da shi gefen kujera, na sake dawo da shi. Wato shukar da na san ba ta son motsi, ni ce na yi mata ƙaura uku cikin kwana goma. Har na sayi na'urar nan mai tsinken ƙarfe da ake sokawa a ƙasa don auna danshi, kuɗin da har yanzu in na tuna sai raina ya sosu. Ba ruwa take aunawa kai tsaye ba, yadda lantarki ke ratsa ƙasar take dubawa, shi ya sa gishirin taki ma kan rikita ta. In na soka a gefe ta ce bushe, in na soka a tsakiya ta ce jiƙe. Ni kuwa da yake zuciyata ta riga ta yanke cewa ƙishi ne, sai na gaskata gefe.

Ranar da asiri ya tonu, shara kawai nake yi. Na zo ɗaga tukunyar na ji nauyinta ya wuce misali. Kuroton ɗin yana cikin tukunyar roba mai huji, ita kuma na zura ta cikin wata ta tangaran, ta ado, wadda ba ta da huji ko ɗaya. Na zaro ta ciki. Ruwa ne kwance a gindi, ya kai tsayin yatsu uku a jere, baƙi, da wani wari mai tsami da ya cika ɗakin nan take. Tun farko na zuba tsakuwa a ƙasan ta tangaran ɗin wai don ta ɗaga ta robar, na sakankance ke nan. Ashe ruwan ya daɗe da haye tsakuwar. Kullum ina zubawa ta sama, ba inda yake zuwa.

Nan ne na fahimci abin da ya ruɗe ni, kuma ina jin shi ke ruɗin yawancinmu. Saiwa numfashi take yi. Iskar da ke tsakankanin ƙwayoyin ƙasa take shaƙa, in ruwa ya cike gurbin ya zauna, ƙananan jijiyoyin da ke tsotsar ruwa su ne farkon mutuwa, sannan ƙwayoyin cuta masu son jiƙa irin su Pythium da Phytophthora su samu ƙofa. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya shan ruwa. Saboda haka ganyen ba ƙarya suke yi ba, da gaske ƙishi suke ji, alhali gindin na iyo cikin ruwa. Ita kuma shukar da kanta take sallamar ganyen. A gindin kowane ganye akwai wani siririn layi da aka tanada don rabuwa. Muddin ganye na da lafiya yana aika sinadarin oksin, layin na riƙe. In ya galabaita oksin ya ragu, iskar etilin ta yi rinjaye, layin ya saki. Shi ya sa nake tsintar ganye a ƙasa da launinsa da komai, gindinsa a gutsire tsaf kamar an yanka da reza.

Kuma kuroton yana da wata muguntar ta daban. A sauran shuke-shuke, ganyen ƙasa ya yi rawaya sai ka yi zargin ruwa ya yi yawa. Shi wannan da rawaya da ja da ruwan goro aka halicce shi, ta ina za ka gane? Abin da na koya da tsada shi ne: in ƙishi ne na gaskiya, tukunya ba ta da nauyi, kuma ganye na miƙewa cikin 'yan sa'o'i bayan an ba shi ruwa. In ka ba shi ya kwana bai miƙe ba, kar ka ƙara, zaro shi ka duba saiwa.

Da na zare ƙasar, kusan rabin saiwar ta tafi. Mai lafiya fara-fara ce, da ƙarfi. Matacciyar kuwa ruwan ƙasa ce, in ka ja sai fatar ta saɓule ta bar maka zare a hannu. Na goge almakashi da sifirit na yanke duk mai saɓulewa, na wanke sauran. Ku sa safar hannu, ƙaron da ke fita daga jikinsa yana sa ƙaiƙayi, ni ban sa ba, na kwana ina susa. Na rage masa gida daga tukunya mai faɗin santimita 20 zuwa mai 14, don 'yar saiwar da ta rage ba za ta iya shanye ruwan babbar tukunya ba. Na haɗa masa sabuwar ƙasa: ƙasar shuka kashi biyu, fararen duwatsun nan marasa nauyi da ake kira falayit kashi ɗaya, ɓawon itace kashi ɗaya. Taki ko ɗigo. Na kifa masa farar leda mai 'yan huji don ta riƙe laima, na ajiye shi inda haske ke da yawa amma rana ba ta dukansa kai tsaye, nesa da bakin esi, tunda ba ya jure iska mai sanyi, in ta sauka ƙasa da digiri 15 ma wata zubar ce. Na rantse ba zan sake taɓa shi ba.

Duk da haka sai da ya ƙara zubar da shida. Wannan lokacin ne ya fi ci min rai, ga aiki an yi, ga ganye na ci gaba da faɗuwa, hannuna sai ƙaiƙayin ɗaukar buta yake. Abin da ya riƙe ni sikeli ne. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to nawa idon bai sani ba, don haka na koma awo. In na jiƙa tukunyar ta tsane, kilo 1.9 take. Ba na sake ba ta sai ta sauko 1.4. Karon farko kwana goma sha ɗaya ta ɗauka kafin ta kai nan. Na biyu tara. Na bayan nan shida. Tun kafin in ga toho, wannan raguwar ce ta fara gaya min akwai mai shan ruwa a ƙasa. Lokaci-lokaci kuma nakan ɗan kankare bayan karan da farce, in na ga kore a ciki in bar shi.

Tukunyar tangaran ɗin tana nan, ban yar ba, ta yi min kyau da yawa. Amma yanzu a wajen wanke-wanke nake shayar da shi, ya tsane rabin sa'a, sannan ya koma ciki.

Abin da ya rage shi ne tsiraicin karan nan, kusan santimita 40 babu ganye. Wanda ya faɗi ba ya komawa gurbinsa, sai dai idon da ke saman tabon ya farka ya zama reshe, kuma ukun da na gani yau duk daga nan suka fito. Zuciyata na raya min in datse kan don sauran idanun su tashi, in dasa abin da na yanke. Sai dai ganye takwas ɗin nan su kaɗai ke ciyar da shi yanzu. Zan jira kowane toho ya buɗe ganye huɗu tukuna. Wanda ya taɓa datse kuroton bayan ruɓar saiwa, don Allah ya faɗa min wata nawa ya jira. Ledar ma gobe zan fara ɗage ta sa'a biyu a rana, don na kaɗa wani ganye a kan farar takarda ɗazu na ga wani jan ɗigo yana tafiya, kuma ban yarda da shi ba.